Ganguna Biyar na Nicanor

A tudunmu na bayan Lima sama ba ta zubar da ruwa,
sai hazon teku ya jiƙa kwanon rufi ya wuce.
Namu ruwan a mota yake zuwa,
ran Talata, in direba ya ga dama.

Ganguna biyar ubana ya jera a bayan ɗaki,
huɗu shuɗaye, ɗaya baƙa mai tabon wuta.
Ya ɗora su kan bulo, ya huda gindin kowacce,
ya zura bututu ya haɗa su ciki da ciki,
har in ka zuba wa ta farko
ta biyar ma sai ta ji a jikinta.
Ya ce, "Zoila, duba nan.
Ba wadda ke cika ta bar 'yar'uwarta."

Shekara talatin yana gyaran famfo
a gidajen masu lambu, can ƙasa,
inda ake ba ciyawa ruwa da tsakar rana.
Yanzu hannunsa rawa yake,
sifana ba ta zama a tafinsa.
Sai ya zauna kan akwatin lemo,
shi ido, ni hannu.

"Naɗa farin zaren yadda haƙoran suka bi,
sau bakwai, ban da rowa.
Ɗaure da hannu tukuna.
In kin ji ya yi gardama, dakata,
roba ba ta son ƙarfi."
Sai da na fasa biyu kafin na iya.

Ran nan da asuba na ƙwanƙwasa ta uku,
ta amsa da muryar da ba ta jiya ba.
Taƙi guda ya tafi cikin dare
alhali ba wanda ya yi wanka.
Ƙasa ta shanye ta yi gum.
Na zargi yaran Maximina,
har na isa ƙofarsu da magana a bakina.
Ubana ya ƙwala mini kira, ya miƙo tsohuwar jarida:
"Naɗe kowace gaɓa, ki je ki dafa shayi."
Da na dawo, takarda ɗaya ta yi duhu,
can ƙarƙashin baƙar,
ɗigo ɗaya, ka ƙirga goma, sai wani.
Ashe ɓarawon na gida ne.
Na yanko tsohuwar robar tayar keke,
na yi mata zobe, na matse.
Maximina ta leƙo, me ya kawo ni ɗazu?
Na ce gishiri na zo ara.

Ƙarshen wata ranar wanki ce.
In rufe makulli, in ware ganga ɗaya,
in kwashe na ƙasa a bokiti saboda banɗaki,
in zura kai har kugu da buroshi.
Lakar kamar kunun da ya kwana.
Maganin wanki cikin murfin kwalba, kada ya wuce,
ɗauraya uku,
sannan raga a baki don sauro,
murfi a kai, dutse a kan murfi.
Ruwa ba ya tsami banza:
bara da ya yi wari
ƙadangare muka tsamo, ya kumbura.
Tun ranar dutsen ya samu aiki.

Talatar nan mota ba ta zo ba.
Laraba ma muka kasa kunne
ba ƙaho, sai haushin karnuka.
Alhamis da yamma ga Maximina
ta hawo matakala da tukunya biyu,
tana kallon ƙafarta.

Na dubi ubana.
Ya ce, "Ƙwanƙwasa mini in ji."
Na bi su ɗaya bayan ɗaya da bayan yatsa.
Ya lumshe ido, ya ce, "Rabi saura kaɗan.
Zai kai mu Lahadi, in ba a wanke bargo ba."

Na buɗe famfon ta biyar.
Ruwa na sauka a tukunya,
can cikin bututu ina jin sauran huɗun
suna ja da baya tare.
Na shiga ɗaki na ɗebo mata gishirinta.